Koyon Kaɗa Jita Domin Sujada a Ikkilisiyar Karkara

A cikin zagayen da muke yi na aikin rijiyoyi da rumbunan hatsi a ƙauyukan Sumaila da Tudun Wada da Rogo, akwai abin da muka saba gani a ɗakin ajiyar majami'a ko a gidan fasto. Jita ce rataye a ƙusa, ƙura ta rufe ta, tsirkiya biyu ko uku sun tsinke. In muka tambaya, labarin kusan iri ɗaya ne. Bayan godiyar kaka an sayar da buhun masara ɗaya ko biyu, aka aiki wani Kano ya sayo ta. Saurayi guda ya koya, ya kaɗa shekara ɗaya, sai ya tafi makaranta ko cirani. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara taɓa ta.

Wannan kuɗi gumin jama'a ne, har da na gwauruwar da ta kawo kwanon dawa ɗaya. Shi ya sa muka ga ya kamata mu rubuta wannan darasi. Mu ba gwanayen kiɗa ba ne. Mun koyi ɗan abin da muka iya ne da yamma bayan tashi daga aiki, a wurin mawaƙan wata majami'a a Sabon Gari. Amma mun ga cewa wanda bai taɓa riƙe jita ba yana iya raka jama'a waƙa cikin wata uku, in an sayi jita mai kyau, an saita ta daidai, ya kuma riƙe kod uku da kyau.

Damuwar dattawa

Wani dattijo ya taɓa ce mana, "Malam, wannan abin ba na gidan giya ba ne?" Tambayarsa tana da tushe. Fagge tun dā zangon fatake ne a bayan ganuwar Kano, inda Buzaye ke sauka da raƙumansu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma kafa Sabon Gari kusa da Fagge a 1913 domin baƙi, wato ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu da bakin teku. Waɗannan baƙi sun zo da majami'unsu, sun kuma zo da kiɗansu. Da yawa daga cikin iyayenmu sun fara jin jita ne daga bakin otel, da dare, sa'ad da suka je Kano cirani. Waɗansu kuma da suka karɓi bishara sun ajiye goge da garaya domin suna tuna musu da wasan bori. To, ba mamaki in suna ɗari-ɗari da duk wani abu mai tsirkiya.

Kada matasa su yi wa dattawa dariya a kan wannan. A zauna a yi magana kafin a saya. A karanta 1 Tarihi sura 25 tare, inda Dawuda ya keɓe iyalan Asaf da Heman da Yedutun domin hidimar waƙa da kayan kiɗa, har da masu tsirkiya. An ba da adadin horarrun a nan, su 288. Za mu komo kan wannan sura a gaba. Abin da muka lura shi ne, dattawa sukan yarda da jita in sun ga halin mai kaɗa ta, in kuma ba ta danne muryoyin jama'a ba.

Kafin a biya kuɗi

Za mu fara da kuskurenmu. Wata shekara mun shiga wani shago a Sabon Gari muna sauri, motar ƙauye tana jira, muka ga jita ja mai walƙiya, muka biya, muka kai wa wata ikkilisiya kyauta. Da muka koma bayan wata biyu sai muka tarar yaran sun daina koyo. Suna cewa jita ta fi ƙarfinsu. Da muka karɓa muka gwada, mu ma da ƙyar muka danne tsirkiya ɗaya. Wuyan jitar ne ya lanƙwashe, tsirkiyoyin sun yi nisa da katako. Yaran ba su da laifi ko kaɗan, amma har yau akwai waɗanda suke ganin su ne ba su da baiwa.

Saboda haka wanda za a aika kada ya tafi shi kaɗai. Ya nemi wani mai kaɗa jita a ɗaya daga cikin majami'un Sabon Gari ya raka shi. Yawancinsu ba sa ƙin irin wannan taimako. Kada ku dubi fenti. Ku riƙe jitar ku dubi wuyanta daga kai zuwa ciki, kamar yadda kafinta yake duba katako ya ga ko ya miƙe. A kan wuyan akwai ƙananan ƙarafa da aka gitta, sun raba shi gaɓa gaɓa kamar rake. Ku ƙirga zuwa gaɓa ta 12, ku dubi ratar da ke tsakanin tsirkiya mai kauri da ƙarfen wurin. Kada ta wuce kamar milimita 3. In tsinken ashana biyu, ɗaya bisa ɗaya, sun shige har da sauran wuri, ku ajiye jitar ku nemi wata. Sa'an nan ku kaɗa kowace tsirkiya a sake, ku sāke kaɗa ta kun danne a gaɓa ta 12. Muryar ta biyu ta zama daidai da ta fari amma a sama, kamar doh ta ƙasa da doh ta sama. Ku dubi katakon da aka manna a cikin jitar inda tsirkiyoyi suka ƙare, wanda yake aikin jaki a jikin garaya. In takarda tana shiga ƙarƙashinsa ta baya, ya fara ɗagowa ke nan. Ku murɗa kunnuwan nan shida na kan jitar ku ga ba wanda yake zamewa.

Jita mara lantarki iri biyu ce. Akwai mai tsirkiyar roba, akwai mai tsirkiyar ƙarfe. Ta roba ta fi taushi a yatsa. Ta ƙarfe ta fi amo, ita ce kuma ake ji a majami'ar da ba lasifika. Mu mun fi ba da shawarar ta ƙarfe, amma a sa mata tsirkiyoyi marasa kauri sosai. Kada a kuskura a ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka ƙera domin roba. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan katako da nauyin da ya kai wajen kilo 70, na roba kuwa wajen kilo 40 ne, don haka jitar za ta lalace. Jita ta hannu mai miƙaƙƙen wuya ta fi sabuwa mai araha da ta karkace. Jita mai lantarki kuwa, da amfilifaya da janareta da man fetur, a bar ta tukuna.

Abu na ƙarshe, a rage kuɗin sayen tsirkiyoyi ƙunshi biyu na ajiya, da jaka. Tsirkiya ta ɗaya da ta uku su ne suka fi tsinkewa, ba a kuwa samunsu a kasuwar ƙauye. Jita da yawa da muka gani a rataye, rashin tsirkiya guda ne ya fara kashe su.

Saiti

Ana ƙirga tsirkiyoyi daga siririya. Ta 1 ita ce siririyar da ke ƙasa in ka rungumi jita, ta 6 ita ce mai kauri ta sama. Sunayensu daga ta 6 zuwa ta 1 su ne E, A, D, G, B, E. A yau akwai manhajoji na kyauta da ake sa wa a waya, suna nuna ko tsirkiya ta hau ko ta sauka, da yawansu ba sa bukatar intanet bayan an sauke su. Ku yi amfani da su. Amma waya takan mutu ba caji ran Lahadi da safe, don haka ku koyi saiti da kunne.

Ka danne tsirkiya ta 6 a gaɓa ta 5, ka kaɗa. Muryar da ta fito ita ce ta tsirkiya ta 5 in an kaɗa ta a sake. Ka murɗa kunnen ta 5 a hankali har su zama ɗaya. Haka za ka yi daga ta 5 zuwa ta 4, daga ta 4 zuwa ta 3, duk a gaɓa ta 5. In ka zo saita ta 2, sai ka danne ta 3 a gaɓa ta 4. Nan ne kaɗai aka bambanta, nan ne kuma 'yan koyo suke mantawa. Sa'an nan ka danne ta 2 a gaɓa ta 5 domin saita ta 1. In muryoyi biyu sun yi kusa amma ba su haɗu ba, za ka ji sauti yana rawa. Da sun haɗu rawar takan tsaya. A yi saiti kowace rana kafin a fara. Sabuwar tsirkiya takan yi ta sauka har kwana biyu ko uku kafin ta zauna, wannan ba lalacewa ba ce.

Kod uku

Kod shi ne muryoyi uku ko fiye da suke tashi tare su ba da daɗi. Mawaƙanmu sun riga sun san doh, re, mi, wato hanyar koyar da waƙa da wani fasto a Ingila mai suna John Curwen ya yaɗa tun daga shekarun 1840, masu mishan kuma suka kawo mana. Wannan sani babbar riba ce. Yawancin waƙoƙin Littafin Waƙoƙi da gajerun waƙoƙin da muke yi da tafi suna tafiya ne a kan kod uku: na doh, na fah, da na soh. In doh ɗinmu G ce, to kod ɗin su ne G da C da D.

Yatsun hagu ma ana ba su lamba. Manuni shi ne 1, na tsakiya 2, na zobe 3, ƙarami 4. Babban yatsa yana bayan wuyan jita.

Domin G, yatsa na 2 a tsirkiya ta 6 gaɓa ta 3, na 1 a tsirkiya ta 5 gaɓa ta 2, na 3 a tsirkiya ta 1 gaɓa ta 3. A kaɗa duka shida.

Domin C, yatsa na 3 a tsirkiya ta 5 gaɓa ta 3, na 2 a tsirkiya ta 4 gaɓa ta 2, na 1 a tsirkiya ta 2 gaɓa ta 1. A tsallake tsirkiya ta 6.

Domin D, yatsa na 1 a tsirkiya ta 3 gaɓa ta 2, na 3 a tsirkiya ta 2 gaɓa ta 3, na 2 a tsirkiya ta 1 gaɓa ta 2. A kaɗa huɗun ƙasa kawai.

A danna da kan yatsa, kusa da ƙarfen gaɓar amma ba a bisansa ba. A yanke faratan hagu. Bayan ka kama kod, ka kaɗa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi shiru ko ta yi zizar ƙuda, wani yatsa ne ya kwanta a kanta, ko kuma dannawar ba ta isa ba. Kama kod ɗaya ba wuya. Wuyar tana wajen tashi daga wannan zuwa wancan ba tare da waƙa ta tsaya tana jiranka ba. Saboda haka ka ɗauki biyu kawai, G da D, ka yi ta kai da komowa na minti ɗaya, ka ƙirga sau nawa ka sauya. Gobe ka sāke, ka rubuta a bayan littafi. Ganin lambar tana hawa yana ƙarfafa zuciya a makon da kake ji kamar ba ka ci gaba. In ukun sun zauna, ka ƙara kod na lah, wanda ake rubutawa Em: yatsa na 2 da na 3 a gaɓa ta 2 ta tsirkiya ta 5 da ta 4. Yana da murya mai sanyi, ya dace da waƙoƙin tuba da na jana'iza.

Yatsu za su yi zafi, ba makawa. Bayan mako biyu zuwa huɗu kanta takan fito, zafin ya wuce. Mai riƙe fartanya ya san wannan. Minti 15 ko 20 kowace rana sun fi awa uku ran Asabar kaɗai, domin doguwar kaɗawa a farko takan kawo bororo, sai a yi mako guda ba a taɓa jita ba.

Hannun dama

'Yan koyo sukan zuba ido a hannun hagu su manta da na dama, alhali jama'a na dama suka fi ji. In ka kama kod da ba daidai ba, mutum biyu ne za su gane. In ka ɓata bugu, majami'a duka za ta rikice. Ka fara da kaɗawa ƙasa kawai, sau ɗaya a kowane tafi, kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, ƙafarka tana buga ƙasa. Waɗansu waƙoƙin littafi uku uku suke tafiya, sai ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, ka ƙarfafa na farkon. In lokacin sauya kod ya zo yatsunka ba su iso ba, kada hannun dama ya tsaya, su za su cim masa.

A wannan fanni malaman suna nan cikin ƙauye. Zumuntar mata masu buga tulu da caki, da mai gangar majami'a, ba sa kuskure bugu. Ka roƙi izini ka zauna a gefe ranar koyon waƙarsu, ka danne tsirkiyoyin da tafin hagu don kada su yi amo, ka bi tulun da hannun dama. Kunnen da ya tashi da kiɗan gida ba baƙo ba ne ga jita. Ali Farka Toure na ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2006, da kayan kiɗan gargajiya mai tsirkiya ɗaya ya fara, sa'an nan ya ɗora wannan salo a kan jita har duniya ta san shi. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ai da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna. A Nijar ma akwai Mdou Moctar, wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da wayar burkin keke, bahago ne kuma. Mun ambace shi ne domin iyayen da suke cewa bahago ba zai iya ba. Bahago yana iya koyo yadda kowa yake riƙewa, wannan ne ma ya fi sauƙi in jitar ɗaya ce tak a ikkilisiya.

Murya ce a gaba

A wata ikkilisiya mun ga wani saurayi ya tā da waƙa a inda yatsunsa suka saba, ba a inda jama'a suka saba ba. Kafin a kai baiti na biyu maza sun yi shiru, mata suna ta miƙa wuya. Shugabar zumuntar mata ta ɗaga hannu ta ce, "Ɗana, sauko mana kaɗan, muryarmu ba ta kai can ba." Ya ce, "To, Mama," amma bai san yadda zai sauko ba, sai ya rungume jitar aka ƙarasa da tafi.

Maganin wannan wani ɗan maɗauri ne da makaɗa ke kira kafo. Ana matse shi a wuyan jita ya danne tsirkiyoyi duka a gaɓa ɗaya. Kowace gaɓa tana ɗaga murya rabin taki, yatsu kuwa ba sa sāke komai. In ka sa shi a gaɓa ta 2 ka kama G da C da D, waƙar ta koma A. A gaɓa ta 3 ta koma B mai sauka. In ba kuɗin saye, fensir da robar ɗaure kuɗi suna yin aikin. Kafo ɗagawa kawai yake yi, don haka wanda ya saba farawa da shi a gaɓa ta 2 ko ta 3 yana da wurin saukowa in aka ce masa ya sauko. Daga baya sai ka koyi kod ɗin A. Da shi za ka iya maida D ta zama doh, G ta zama fah, A ta zama soh, ka sami wani ki ɗin dabam.

Hanyar da ta fi ita ce mai ba da waƙa ya fara rerawa a hankali, kai kuma ka nemi doh ɗinsa a kan jita. Kod na doh yakan buɗe waƙa, shi ne kuma yakan rufe ta, na soh yakan zo dab da rufewa. Sauran kunne ne zai faɗa maka. Ka fara da waƙa uku da kowa ya sani, ka gwada su a taron addu'a na tsakiyar mako ko a makarantar Lahadi ta yara kafin babbar sujada. Waƙoƙin zumuntar mata na bayarwa da amshi, da yawansu ba sa bukatar jita sam. A bar su da tulunsu.

Kada mutum ɗaya ya riƙe ta

Mu koma 1 Tarihi 25. Aya ta 8 ta nuna cewa wajen rabon hidima an haɗa babba da ƙarami, malami da almajiri. Aya ta 5 kuma ta ambaci 'ya'yan Heman mata uku tare da 'yan'uwansu maza 14. Shawararmu ita ce daga ranar farko a zaɓi mutum uku ko huɗu su koya tare, kada su zama samari zalla. A sa budurwa ko matar aure a ciki, da magidanci wanda gonarsa da iyalinsa suke ƙauyen, domin shi ba ya tafiya ko'ina. In ikkilisiya za ta tura wani ya yi mako biyu a Sabon Gari yana koyo, a yi sharaɗi da shi tun kafin ya tafi cewa in ya komo zai koya wa sauran kowane mako. Jitar kuma kayan ikkilisiya ce. A rubuta ta a littafin kaya, a sa wanda zai riƙe ta, a tsara ranakun kowa. A keɓe ɗan kuɗi kowace kaka domin tsirkiya.

Sai kulawa da ita. Hunturu ne babban maƙiyin jita a ƙasarmu. Masu ƙera ta suna son danshin iska ya kasance kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, amma a Kano da hunturu yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Katako yakan tsuke ya tsage. Daga Nuwamba zuwa Maris a ajiye jita cikin jakarta a rufe, tare da soso mai ɗan laima, wanda aka matse sosai aka sa a gidan sabulu mai huji. Kada ruwa ya taɓa katakon. Kada a rataye ta dab da rufin kwano, kada kuma a ɗaura ta a bayan babur a rana ba mayafi, domin zafi yana narkar da gam ɗin da ya haɗa ta. Bayan kowace kaɗawa a goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle, gumi ne yake sa su tsatsa.

Tambayoyi domin tattaunawa

Akwai jita ko wani kayan kiɗa da yake kwance a ikkilisiyarku? Me ya tsai da shi, nawa ne kuma kuɗin gyaransa in an gwada da sayen sabo?

In mai kaɗa muku ya bar ƙauyen a wannan rani, wa zai karɓa ran Lahadi mai zuwa?

Waɗanne waƙoƙinku ne jita za ta taimaka musu, waɗanne ne kuma ya fi kyau a bar su da ganga da tulu? A tambayi dattawa da zumuntar mata kafin matasa su ba da amsa.